Inna, Na Karya Dokar Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi, a makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da ladabin da kika dasa mini da bakin muciya, ina fatan Allah Ya ƙara sanyaya inda kike. Mu nan Nguru lafiya lau. Shagon yadi yana nan inda kika san shi, surukarki Hajara tana nan da ƙoshin lafiya da ƙoshin magana. Na san mutane za su leƙa wannan takarda, tunda a shafina na ajiye ta. Su leƙa. Da ke nake.

Zan fara da yabo, Inna, don dokarki ta ruwa ta cancanci yabo. Ban taɓa ganin doka mai aiki irinta ba. Manya sun kafa dokoki sun rushe, taki tana nan daram shekara tara bayan rasuwarki. Kin ce jininki ba ya shiga kogi, ba ya shiga tafki, ba ya shiga kududdufi. Ga kuma sakamako: a garin da ruwa ya kewaye, inda wasu ke zuwa gona a kwalekwale, kin raini zuriya guda wadda in kwata ta cika sai ta zagaya ta bayan layi. Ni ɗanki, mai shekara hamsin da huɗu, in zan yi wanka sai na leƙa bokiti na ga zurfinsa. Wannan ai nasara ce.

Har yanzu ina jin farcenki a ƙwaurina. Mu dawo daga wasa, ki ce, "Miƙo ƙafa." Ki ja farce sau ɗaya. In layi ya fito fari fat, an shiga ruwa ke nan, sai muciya. In bai fito ba, a zuba mana tuwo. Ba shaida, ba rantsuwa, ba ɗaukaka ƙara. Haka kika yi mini, haka kika yi wa jikanki Habibu, wanda kike kira mijinki, kina cewa ba za ki yi takaba saboda kududdufi ba.

To, Inna, mijin naki ya shiga sojan ruwa.

Bari na yi bayani kafin ki nemi muciya. Yaron ya gama sakandare, ya zauna shekara biyu yana cike takardun neman aiki a waya. Duk aikin ɗamarar da aka buɗe sai da ya nema. Wanda ya amsa shi, sai na ruwa. Ranar da sunansa ya fito na zagaya kasuwa sau biyu ba inda za ni, don dai a tambaye ni. Ko sau ɗaya zancen iyo bai faɗo mini a rai ba. Wallahi ni na ɗauka jirgi ne ke iyon, su nasu tsayuwa a kai da fararen kaya.

A tashar Gashuwa muka raka su, samari uku daga yankinmu, za su can kudu horon watanni. Nan na fara ganin mutum biyun da nake so ki sani.

Na farko Malam Saleh, mutumin Bade, masunci a Gashuwa, mahaifin Idi. Ya zo da 'yar shara wadda rana ta cinye, yana ƙamshin banda. Ni kuwa na sha babbar riga mai aiki, turare har yana sa direba atishawa. Da ya miƙo hannu na ba shi kan yatsu, irin gaisuwar da muke yi wa wanda muka san ba zai sayi komai ba. Na rubuta wannan don ki san ɗanki bai canza hali ba.

Ta biyu Ya Falmata, Babarbariya daga Jajimaji, mai sayar da man gyaɗa. Mijinta ya rasu, Modu shi kaɗai ne ɗanta namiji. Mota na tashi Hajara ta fashe da kuka, ni na shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Ya Falmata ta bi mu ɗaya-ɗaya tana karɓar lambar waya. Ta ce, "Can za a karɓe musu wayoyi. Duk wanda ɗansa ya samu ya kira, kiran ba nasa ba ne shi kaɗai. Ka tambayi naka, ka tambayi namu, sannan ka yi kukanka."

Bayan taki, ita ce doka ta biyu da na taɓa bi ban yi ciniki ba.

Haka kuwa aka yi. Yaran sai su yi makonni shiru, rannan ɗaya ya sami aron waya na minti biyu. Kafin ya kashe, labari ya bi titi daga Nguru zuwa Gashuwa. Jajimaji ce tsakiya, don haka duk ranar kasuwarta mukan haɗu a rumfar Ya Falmata, mu baje abin da muka ji kamar kayan gwanjo. Idi ya ce sauron can ya fi namu tarbiyya, ba ya kuka kafin ya ciji mutum. Modu ya ce an aske su ƙwal, kunnuwansa sun fito fili. Habibu ya ce lafiya lau. Kullum lafiya lau. Da na san halin jininmu da kyau, da tun nan na tsargu.

Akwai ranar da matan suka haɗa musu guzuri. Hajara ta yi dambun nama da yaji, Ya Falmata ta yi ƙuli-ƙuli, Malam Saleh ya kawo banda kwali guda. Kin ji, Inna, kifi za mu aika bakin teku. Sai da aka ɗaure kaya tsaf sannan Modu ya kira ya ce kada a soma, ba a karɓar komai daga gida. Muka dubi juna. Ya Falmata ta kwance ƙullin ta ce, "Bismillah, ai ciki ɗaya ne." Muka zauna muka cinye guzurin 'ya'yanmu muna yi musu addu'a da baki cike.

Akwai kuma lokacin da wani mara aikin yi ya yaɗa a waya cewa an yi asarar rai a wajen horon. Ba suna, ba rana. Hajara ta daina cin abinci. Ni gwanin lallashin mai saye ne, amma na rasa kalma ɗaya da zan sayar mata. Ya Falmata ta rufe rumfarta, ta hau mota ta zo gidanmu, ta kwana biyu. Ban san me suka ce wa juna ba. Na dai dawo na tarar suna tsince shinkafa suna zagin mai labarin har kakanninsa. A rana ta uku Idi ya kira, duka lafiya. Hajara ta ci kwano biyu.

Sai wata safiya ina buɗe shago na ga Malam Saleh tsaye. Tun daga Gashuwa, ba ranar haɗuwa ba. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, yana da rai. Magana ce da ba na son waya ta ɗauka."

Idi ne ya kira shi. Ya ce Habibu yana gaba a gudu, yana gaba a fareti, a aji kuwa ba a kama ƙafarsa. Amma da an kai su ruwa sai ya sandare. Ya ƙanƙame jiki, ya nutse tsaye. Har abokai sun sa masa suna Dutse. Kamar yadda yaron ya faɗa, saura gwaji ɗaya nan da 'yan makonni, wanda bai haye ba ana iya sallamo shi gida.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fara zuwa mini kasuwa ce. Na tuna bakin da na buɗe, na hango 'yan layinmu suna tambayata ina jirgin. Sai daga baya na tuna Habibu, da shekara biyun da ya yi a zaure yana duba waya, da yadda ya ce mini a tasha, "Baba, ba zan dawo muku haka ba." Kunya ta biyu ta fi ta farko zafi.

Malam Saleh ya ce ya riga ya gaya wa Idi, in ya dawo da kaki ya bar ɗan'uwansa a baya, kada ya shigo masa gida. Na yi godiya. Sai ya dube ni ya ce, "Amma Idi hannu da ƙafa kawai zai koya masa. Tsoron daga gida ya tafi da shi. In ya kira, me za ka ce masa?"

Ni na iya sayar wa mai neman shuɗi kore ya tafi yana godiya, amma wannan a kasuwa ne. Me na sani game da ruwa, in ba a sha shi a zaune ba?

Ya ce, "Ka zo Gashuwa jibi. Ka taho da gajeren wando."

Na ce wa Hajara za ni duba kaya. A bakin kogi na tuɓe babbar riga na ninke ta kamar mai barin wasiyya. Mata na wanki a gefe, suka tsaya cak da sabulu a hannu. Kin san ban gaji tsayi ba, amma na tara tumbi. Wata tsohuwa ta ce, "Malam Saleh, wannan wane irin kifi ne, a ruwa za a sake shi ko daga ruwa aka kamo shi?"

Ruwa ya kai idon sawu na ce to alhamdulillahi, mun fara. Ya kai gwiwa na ce, "Malam, mu tsaya nan yau, gobe a ƙara." Ya ce, "Ɗanka iya gwiwa aka ce masa?" Na ce to cinya, magana ta ƙare, ba don kai ba ne ba zan kai nan ba. Ya ce, "Alhaji, ruwa ba mai saye ba ne. Ba a taya shi."

Ya ba ni goransa, babban nan da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa. Na rungume shi kamar ɗan da na haifa. Goran ya juya, na juya, na ga ƙasan kogi da idona. Na sha ruwa, Inna, na sha har na ji ɗanɗanon garuruwan da ya ratso. Malam Saleh ya ɗago ni da hannu ɗaya, hannun nan da na ba kan yatsu a tasha. Bai yi dariya ba. Matan wanki sun yi masa tasa.

Da na koma gida Hajara ta dubi jajayen idanuna, ta dubi yadda nake karkata kai ina bubbuga kunne. Ta ce, "Miƙo ƙafa." Ashe kin bar mata gadon. Ta ja farce, layi ya fito fari kamar alli. Ta ce, "Alhaji, da girmanka?" Na gaya mata komai. Ranar komawata na tarar ta sa mini tawul da man shafawa a jaka, da kunu a gora, wai mai iyo yana jin yunwa.

A zuwa na uku abin ya faru. Malam Saleh ya ajiye goran, ya ce na kwanta rigingine, ya sa tafinsa a ƙeyata. Ya ce, "Saki wuya. Kai ne kake riƙe kanka, shi ya sa ruwa ya ƙi riƙe ka." Na saki kaɗan. Ya ce na ƙara. Kunnuwana suka shige ruwa, duniya ta yi tsit. Shekara talatin ina surutu a kasuwa, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sama kawai nake gani da wasu tsuntsaye. Can na juya ido na hango Malam Saleh tsaye nesa, ya harɗe hannuwansa biyu a ƙirji. Ashe ya daɗe da sakina.

A nan na tuna Yaya Garba.

Ba ki taɓa ba mu labarinsa da bakinki ba. A bakin Gwaggo na ji, cewa kafin a haife ni, kuna Haɗeja, kina da ɗa mai shekara bakwai, ya bi yara ranar da kogi ya kawo, aka dawo miki da rigarsa. Na tuna yadda in kin ja farce layi bai fito ba, kikan riƙe ƙafar tawa ɗan lokaci kafin ki saki. Da ina yaro na ɗauka neman laifi kike. Ina kwance a kan ruwan nan na gane ƙidaya mu kike, ki ga mun cika. Na yi kuka, Inna. Daɗin kuka a kogi, ba mai ganewa.

Kwana huɗu bayan haka ina auna wa wata mata yadi, baƙuwar lamba ta shigo. Na saki almakashi. Na bi dokar Ya Falmata, na tambayi Idi, na tambayi Modu. Sannan na ce, "Habibu, na shiga kogi."

Ya ce, "Baba, wa?"

Na ce, "Ni. Sau uku. Na sha rabinsa, sauran na bar wa mutanen Gashuwa. Ban mutu ba. Ka saki wuya, ɗana. In ruwa ya ɗauki tumbina, kai me ka auna?"

Ya yi dariya, dariyar da rabona da ji tun yana firamare. Har na ji wani a gefensa yana cewa lokaci ya cika. Da sauri ya ce, "Baba, to Inna fa?"

Na ce, "Inna ni zan ji da ita."

Kin ga dalilin wannan takarda.

Sakamakon ta wayar Ya Falmata ya biyo. Ba ta ko yi sallama ba, guɗa kawai na ji, har na janye wayar daga kunne. Da ta sami numfashi ta ce, "Modu ya ce a gaya wa Alhaji, Dutse ya taso!" Hajara ta zube ta yi sujada a tsakar gida. Ni na rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar ɗaurin aurena ban yi ba, na hau motar Gashuwa. Na sami Malam Saleh yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na kama hannunsa da hannuwana biyu, na ƙi saki. Ya ce, "Alhaji, za ka yi ƙarnin kifi." Na ce a bar ni da shi.

Daga baya muka ji ashe ba mu kaɗai muke musayar ba. Idi yana tsoron takarda kamar yadda Habibu ke tsoron ruwa. Wannan ya riƙe wa wancan ƙeya a ruwa, wancan ya riƙe wa wannan biro a aji. Modu kuwa shi ke tashinsu duka biyun, ya gaji uwarsa.

Ranar yaye su mun je, mota guda, kwana biyu a hanya. Na yanka mana yadi iri ɗaya daga wanda nake ɓoyewa a ƙasan kanta. Malam Saleh ya sa nasa yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Da suka fito cikin fararen kaya, sahu-sahu, kowa irin kowa, na kasa gane ɗana. Ya Falmata ta gano nata ta kunnuwa, daga nan muka lalubo sauran. Habibu ya rame, ya yi baƙi, ya miƙe kamar sanda. Ya ƙame ya sara mini. Ni kuma, Allah Ya shirye ni, hannuna ya kai kan rigar na murza yadin na ji nauyinsa. Ba laifi, amma da ni aka tambaya da an samu wanda ya fi shi.

Wajen hoto kowane yaro ya tsaya da iyayensa. Modu ya tsaya da uwarsa, gefensa ɗaya ba kowa. Ban san wanda ya fara motsi ba tsakanina da Malam Saleh. Hoton yana nan a shago: yaro ɗaya, uwa ɗaya, uba biyu, ɗaya na ƙamshin turare ɗaya na ƙamshin banda. Ya Falmata, wadda ba ta yi kuka a tasha ba, ba ta yi ranar jita-jita ba, ranar ta jiƙa mayafinta.

Kafin mu taho suka kai mu muka ga babban ruwan. Malam Saleh ya tsuguna ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce Allah Ya ji ƙan kifin da ke zaune cikin wannan gishiri. Ni kuma na ce wa Habibu, "Miƙo ƙafa." Ya gane. Ya ɗage wando a gaban abokansa, soja guda. Na ja farce. Fari fat, Inna. Na riƙe ƙafar ɗan lokaci kafin na saki.

Ban zo na ce dokarki kuskure ce ba. Da ita kika raine mu, kuma mun cika. Na dai ƙara mata sharaɗi ɗaya: jininki ba ya shiga ruwa sai da wanda zai riƙe masa ƙeya. Na samu irin mutanen, a inda ban nema ba. Da kina nan da kin so Ya Falmata, ko da yake da kun yi faɗa a kan wa zai ba da umarni.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya jiƙan Yaya Garba, Ya haɗa ku a inuwa ɗaya. Allah Ya shayar da ku daga tafkin da ba a nutsewa. Ya tsare Habibu da Idi da Modu da duk 'ya'yan mutane a kan ruwa da tudu, Ya ba iyayen da ke zaman jiran kira abokan jira irin nawa. Amin.

Ɗanki mai laifi,
Sani mai yadi, Nguru.

Ku kuma masu leƙe, na ga kuna ta dariyar tumbina. Madalla. Cikinku wa zai miƙo ƙafa a ja masa farce, mu ga ko ya taɓa shiga abin da yake tura ɗansa?